Dan Allah masu iya Othello ku taimaka: ina cika allo da farko amma a ƙarshe sai a kwashe min komai

Uwar Biyu:

Assalamu alaikum jama'ar gidan nan, da fatan kowa ya wuni lafiya. Dan Allah akwai wanda ya iya wasan nan Othello, wasu kuma Reversi suke ce masa, wanda ake yi a koren allo mai gida 64 da 'ya'ya masu fuska biyu, gefe ɗaya baƙi gefe ɗaya fari? Ƙanina ne ya saka min shi a waya da ya zo hutu, kuma wallahi wasan ya shiga raina sosai, ya fi min ludo nesa ba kusa ba don shi babu ruwansa da sa'a, kai da ƙwaƙwalwarka ne kawai. Dokar na gane ta, ka saka ɗanka yadda 'ya'yan abokin wasa za su faɗa tsakanin sabon da ka saka da wani naka na da, sai ka juya su su koma kalarka, wanda ya fi yawa a ƙarshe shi ya ci.

To matsalar ita ce kullum ni ce a gaba har wasa ya yi nisa, wani lokacin ma allon kusan duk kalata ne shi 'yan ƙwayoyi kawai suka rage masa a tsakiya, ina ganin ai na gama da shi, amma da an zo ƙarshe sai in ga layi bayan layi suna juyewa, kafin in ankara ya kwashe komai. Haka da ƙanin nawa haka da kwamfutar cikin wayar. Na tambaye shi ya ce wai in daina haɗama, bai ƙara min komai ba ya koma makaranta. Ni kuma ban gane ba, ba yawan 'ya'ya ake nema ba? Ina so in iya shi da gaske ne don in koya wa yarana biyu, sun fara leƙe idan ina yi. Sannan wata tambayar, idan ɗan da na juya shi ma ya rufe wasu a tsakiya, su ma ana juya su ne? Na gode.

Ɗan Tasha:

Wa alaikumus salam Hajiya. Maganar a taƙaice kusurwa ce. Kusurwa huɗun nan na allon duk wanda ya saka ɗansa a ciki shikenan ya zauna har a tashi, babu mai juya shi tunda babu gida a bayansa da za a saka a rufe shi. Kuma duk 'ya'yan da suka jeru daga kusurwar a bakin allo su ma sun zama na dindindin. So ki daina saka ɗa a gidan da yake manne da kusurwa matuƙar kusurwar babu kowa, musamman wanda yake kallonta ta karkace, wato b2, g2, b7, g7 idan wayarki tana nuna haruffa da lambobi a gefe. Masu wasan suna ce musu gidajen X. Kina sakawa a nan kin miƙa masa kusurwa da hannunki.

Tambayarki ta biyu kuma a'a, ba a juya su. Daga ɗan da kika saka yanzu kawai ake lissafi, ta miƙe, ta kwance, ta karkace, duk layin da ya rufe ba tare da gurbi a tsakani ba dole a juya shi gaba ɗaya, amma wanda aka juya ba ya sake haifar da wani juyin.

Malamin Lissafi:

Abin da ɗan'uwa Ɗan Tasha ya faɗa gaskiya ne, amma Hajiya ina tsoron idan kika tsaya a nan gobe za ki dawo ki ce kin guji gidajen X ɗin amma duk da haka an cinye ki. Saboda tambayar gaskiya ita ce, me yake sa mutum ya saka a b2 alhali ya san haɗarin? Ba son ransa ba ne, tilasta shi aka yi. A wasan nan ba ki da ikon cewa na haƙura da wannan takun, in dai akwai gida ko ɗaya da za ki iya sakawa ki juya wani abu to dole ki saka, ko da gidan ne zai kashe ki. Sai idan babu ko ɗaya ne ake tsallake ki. To ƙaninki abin da yake miki kenan, yana rage miki wuraren sakawa har ya zama saura mugayen gidaje kawai, ke da kanki ki buɗe masa ƙofa.

Ga inda haɗamar da ya faɗa ta shigo. Ki yi tunani, ke a ina kike iya sakawa? Sai kusa da ɗansa, don sai kin juya nasa takun ya halatta. Shi kuma sai kusa da naki. Kenan idan allon ya cika da kalarki, shi yana da wuraren sakawa birjik ta ko'ina, ke kuma da yake 'ya'yansa kaɗan ne kuma kin kewaye su da naki kin binne su a tsakiya, ba ki da inda za ki taɓa su. Wannan lokacin da kike jin daɗi kina ganin allo duk naki, wallahi lokacin ne ya riga ya ci wasan, ƙirga ne kawai ba a yi ba. Kwaɗayi mabuɗin wahala, a Othello wannan karin maganar doka ce.

To abin da za ki riƙa dubawa a farko da tsakiyar wasa ba yawan 'ya'ya ba ne sam, ki ma daina kallon lambar nan da wayar take nunawa a sama. Kafin kowane taku ki tambayi kanki, idan na saka a nan gida nawa zai samu na sakawa, ni kuma nawa za su rage min? Ki fi son takun da yake juya ɗaya ko biyu kuma waɗanda suke can ciki, waɗanda 'ya'ya suka riga suka kewaye ta kowane ɓangare. Ki guji juya na bakin waje masu kallon fili, don duk ɗanki da yake kallon gida babu kowa ƙofa ce kika buɗe masa. Idan kika ga kalarki ta yi doguwar katanga ta zagaye nasa, to ke ce a kurkuku ba shi ba. Shi ya kamata ya gina katangar, ke ki zauna a dunƙule a tsakiya, kuma idan ya gina ta kar ki yi saurin fasa ta, ki yi ta amfani da sauran wurare shi yana ƙarar da nasa takun.

Akwai wani abu kuma da sababbi ba sa lura da shi. Idan kina da wani gida mai kyau da ke kaɗai ce za ki iya sakawa a ciki, shi ba shi da hanyar shiga, kar ki yi gaggawar cinye shi. Ajiya ce. Ki bar shi sai ranar da wurare suka ƙare wa kowa, ki saka a nan ki miƙa masa wasa, shi kuma ya rasa inda zai je sai X.

Amma fa kar a wuce gona da iri, idan 'ya'yanki suka yi kaɗan ƙwarai kuma duk suna kan layin da za a iya rufewa, ana iya share ki gaba ɗaya wasa ya ƙare nan take. Ki gwada wannan a allo ki gani da idonki, baƙi ne yake farawa: e6, f4, e3, f6, g5, d6, e7, f5, c5. Taku tara kacal, baƙi 13 fari babu ko ɗaya. So ƙanƙanta ake so amma da ido a buɗe.

Uwar Biyu:

Kai Malam Allah ya saka da alheri, wallahi kamar kana tsaye a kaina ina wasan, katangar nan da ka faɗa ita nake ginawa kullum ina murna. Na saka takun taran nan a wayar ta ɓangaren mutum biyu kuma haka ya faru, na daɗe ina kallon allon. Ɗan Tasha kai ma na gode da bayanin juyin.

To amma bakin allo fa? Ni na ɗauka tunda kusurwa tana da kyau to gefe ma yana da kyau, shi ya sa da na samu dama nake kama shi in jera 'ya'yana. Jiya na jera biyar a layin sama, daga b1 har f1, kwamfutar ta zo ta saka a g2 wanda kuka ce ba a sakawa, na yi maza na ɗauki kusurwar h1, amma duk da haka layin saman nan kusan gaba ɗaya ya koma nata. Ta yaya mai kusurwa zai rasa layin da kusurwarsa take kai?

Tsohon Ɗan Dara:

'Yata sannu da ƙoƙari. Ni dara na taso ina yi a gindin bishiya tun kafin a san waya, wannan na allon a kwamfutar ofis na fara ganinsa zamanin Windows XP, kuma abin da ya kama ni da shi shi ne irin haƙurin da yake nema iri ɗaya ne da na dara, wanda ya fi saurin ci ba shi ne gwani ba.

Abin da aka miki jiya tarko ne sananne, bari in warware miki shi a hankali. Kina da biyar daga b1 zuwa f1. Hagu a1 babu kowa, dama g1 da h1 babu kowa. Irin wannan jeren gurgu ne, ya jingina da kusurwa ɗaya ya bar gida biyu a ɗaya ɓangaren. Ta saka g2 da gangan, kyauta ta ba ki. Kika ɗauki h1. Yanzu me ya rage tsakanin f1 ɗinki da h1 ɗinki? Gida ɗaya tak, g1. Ta cusa ɗanta a nan. Ɗan nan yana tsakanin naki biyu amma ba ki da yadda za ki juya shi ta layin, don babu sauran gurbin da za ki saka ki rufe shi, ya zauna daram. Daga nan sai ta je a1, biyar ɗinki suka faɗa tsakanin a1 da g1, ta juye su duka. Kin samu kusurwa ɗaya, ita ta samu gida bakwai a layin sama har da kusurwa ɗaya, waɗanda ba za su sake motsi ba. Dara ta ci gida kenan.

To darasin biyu ne. Na farko ba kowace kusurwa ake ɗauka da an miƙo ba, ki tsaya ki duba bayan na ɗauka ina zai saka? Sau da yawa kusurwar ba gudu za ta yi ba, kina iya barinta ki yi wani takun. Na biyu gidajen nan na bakin allo da suke manne da kusurwa, irin su b1, g1, a2, h2 da 'yan'uwansu na ƙasa, ana ce musu gidajen C, ba su kai X muni ba amma su ma ba a shiga da ka. Idan za ki riƙe gefe, huɗu na tsakiya daga c zuwa f, ko shida cif daga b zuwa g, sun fi biyar kwanciyar hankali. Kuma ni a ganina sabon ɗan wasa ya rage zumuɗin gefe gaba ɗaya, don kowane ɗa da kika kafa a bakin allo nan gaba shi zai riƙa sa takunki yana juya abin da ba ki yi niyya ba, ki zo saka ɗa ɗaya a nutse ki ga ya juye miki layi uku ya buɗe wa abokin wasa ko'ina.

Sai maganar ƙarshen wasa, wadda Malam bai taɓo ba kuma a nan ne ake kwashe miki layi layin da kika ce. Gida 64 ne, huɗu a cike suke tun farko, saura 60. Baƙi ke farawa, kenan in ba a tsallake kowa ba fari ne zai yi takun ƙarshe, kuma wanda ya saka na ƙarshe babu mai rama masa. Idan wasa ya zo ƙarshe za ki ga guraben da suka rage sun rabu gungu gungu, nan gida uku, can gida biyu, can ɗaya. Ki riƙa ƙirgawa. Gungun da yake mara, wato ɗaya ko uku ko biyar, ke ki fara shiga, don ke za ki rufe shi. Wanda yake cika, biyu ko huɗu, ki bar shi ya fara, ki bi bayansa ki rufe. Duk gungun da kika zama ta ƙarshe a cikinsa abin da kika juya ya zauna. Wannan kaɗai idan kika riƙe shi wasanni da yawa da kike faɗuwa da tazara kaɗan za su dawo hannunki. Idan gurabe suka rage kamar shida zuwa ƙasa kuma, nan ne lokacin haɗamar ya yi, ki zauna ki lissafa kowane taku nawa zai kawo nawa za a karɓe, babu kunya a daɗe ana tunani.

Ɗan Tasha:

Baba wannan bayanin naka ni ma ya amfane ni wlh. Amma ni dai har yanzu ina ganin wa sabon shiga a bar shi da dokar kusurwa tukuna, in aka haɗa masa da ba da X da gangan zai rikice ya riƙa rabar da kusurwa yana cewa dabara ce. Sai ya yi wata da watanni yana gane tarkon idan an ɗana masa kafin shi ya fara ɗanawa.

'Yar Jami'a:

Anti Uwar Biyu sannu, ni ta ɓangaren yaran zan yi magana don nan ne ya fi burge ni. Dan Allah kar ki koya musu a waya, ki yi musu allo na hannu. Kwali ki samu ki ja layi takwas takwas, ki tara murfin lemo guda 64, a kife kala ɗaya a buɗe ɗaya kalar, ko ki manna farar takarda a cikin. A waya na'ura ce take juya musu komai har tana nuna musu inda za su saka, yaro ba zai taɓa koyon ganin layin karkace da idonsa ba, kuma layin karkacen nan shi ne yake cin mutane. Kuma ba abin raini ba ne, shi kansa Goro Hasegawa ɗan Japan da ya fito da wasan a wannan sigar da murfin kwalbar madara ya fara yin 'ya'yan. A 1973 aka fara sayar da shi a Japan da sunan Othello, sunan wani wasan kwaikwayo na Shakespeare. Reversi kuwa ya girme shi sosai, tun wajen 1883 ake yinsa a Ingila, har mutum biyu, Lewis Waterman da John Mollett, suka yi ta jayayya kowa na cewa shi ya ƙirƙira. Bambancin da za ki lura da shi shi ne a Othello an ƙayyade farawa, huɗu a tsakiya a gicciye, fari a d4 da e5, baƙi a e4 da d5.

Yara suna kama shi da wuri fiye da yadda ake zato. Ana gasar duniya tun 1977, kuma a ta 2018 da aka yi a Prag yaro ɗan shekara 11, Keisuke Fukuchi, shi ya zama zakara. Abin da ya fi taɓa ni a labarin, matuƙin jirgin da ya mayar da shi gida Japan, Kunihiko Tanida, shi ne mai riƙe da tarihin zakara mafi ƙarancin shekaru tun 1982 yana ɗan 15, kuma shi da bakinsa ya sanar wa fasinjoji cewa yaron da ya karya tarihinsa yana cikin jirgin.

Game da kwamfutar da take cinye ki kuma Anti kar ki sa a ranki. Tun 1997 wata manhaja mai suna Logistello ta buga da zakaran duniya na lokacin, Takeshi Murakami, wasa shida ta cinye duka shidan. So ki sauke ta zuwa matakin ƙasa ki riƙa hawa a hankali, in ba haka ba ba za ki gane me ya kashe ki ba. Kin fi ƙaruwa da mutane 'yan'uwanki, akwai Othello Quest a waya, akwai PlayOK a intanet, za a haɗa ki da masu ƙarfi irin naki.

Uwar Biyu:

Baba na gode Allah ya ƙara girma, na sake jera wasan jiyan kamar yadda ka faɗa kuma g1 ɗin nan ne dai. Ƙanwata 'Yar Jami'a shawarar murfin lemo ta yi, akwai mai shago a layinmu zan sa ya tara min. Tambaya ta ƙarshe dan Allah kar in gajiyar da ku, farkon wasan fa, akwai gidan da ya fi kyau a fara da shi? Kuma baƙi ya fi ko fari, don yaran nan na san sai sun yi rigima a kan kala.

Malamin Lissafi:

Babu gajiya Hajiya. Idan ke ce baƙi takun farko kar ki ɓata lokaci a kansa, gida huɗu ne kawai suke yiwuwa, d3, c4, f5, e6, kuma duk abu ɗaya ne, allon ne kawai aka juya. Yawanci f5 ake rubutawa don a saba da fuska ɗaya, ke ma ki riƙe shi kullum, zai sa ki fara gane yanayin da yake maimaituwa. Idan ke ce fari aka yi miki f5, amsa uku gare ki, d6 ko f6 ko f4. Biyun farko duk suna da kyau kuma su gwanaye suke bugawa, f4 ɗin ce ake gujewa don tana ba baƙi sauƙi. Ki zaɓi ɗaya, ni d6 nake so, ki yi ta yin ta har ki san abin da yake biyo baya. Ban ba ki shawarar haddace dogayen buɗewa yanzu ba, taku uku zuwa biyar ya isa, sauran ki bar wa ƙirgan wuraren sakawa, kuma gwargwadon iko ki zauna cikin gida 16 na tsakiya daga c3 zuwa f6 kafin ki fara fita.

Maganar kala kuma ki gaya wa yaran babu wanda aka zalunta. A 2023 wani mai bincike ɗan Japan, Hiroki Takizawa, ya fitar da sakamakon lissafin kwamfuta da ya nuna idan kowane ɓangare ya buga ba kuskure, canjaras ake tashi. Fari yana da ɗan daɗin takun ƙarshe da Baba ya yi bayani, baƙi yana da farawa. Ki sa su riƙa musanya kala bayan kowane wasa, kuma da farko ki bar su su yi haɗamarsu son ransu na 'yan kwanaki har hannunsu ya saba da juyi ta duk ɓangarori takwas, sannan ki fara tsayar da su kafin taku kina tambaya, in ka saka nan ɗan'uwanka gida nawa zai samu? Su nuna miki da yatsa ɗaya bayan ɗaya kafin su saka.